Surukina Ya Bi Ni da Gudu a Hanyar Rogo

Gwaggo Kande,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ya same ni ya fi ƙarfin kaina, kuma na rasa wanda zan gaya wa a garin nan bai fashe da dariya ba. Mahaifiyata ma sai da ta juya baya ta toshe baki da mayafi, sannan ta ce Allah ya kyauta. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Matata da jaririyata suna gidan surukaina, lokacin dawowarsu ya wuce, kuma ina tsoron aurena ne yake neman mutuwa.

Ni tela ne a Karaye, shagona yana bakin kasuwa. Bara waccan na auri Tasalla, 'yar wani dattijon Bafulatani. Asalinsu mutanen wajen Kafin Dafga ne, amma yanzu rugarsu tana kusa da hanyar Rogo. Ba zan kama sunansa ba, Baffa muke ce masa. Ina so ki san irin mutumin da nake magana a kansa. Tun da na san shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ban taɓa ganin kansa babu rawani ba, ban kuma taɓa ganin yana sauri ba. Ko hadari ya taso, tafiyarsa ɗaya ce. In na je gaishe shi, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, idona a ƙasa, nasa idon kuma yana can kan shanu. Ko ƙwayar gyaɗa ban taɓa ci a gabansa ba, balle in sha ruwa. In an kawo mini fura, shi da kansa yake miƙewa ya ce bari ya duba maruƙa. A haka muke zaune lafiya, yana ganin mutuncina, ina ganin girmansa.

Da cikin Tasalla ya tsufa, aka zo aka tafi da ita gida, tun da haihuwar fari ce. Ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace, aka sa mata sunan mahaifiyata. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan hau keke in je in gaishe su, in saci kallon yarinyar in dawo.

Yadda aka yi na fara gudu kuwa, ciwon baya ne sila. Zaman keken ɗinki ya sa har ruku'u yana ba ni wuya. Malam Ilu, malamin wasanni na firamarenmu, ya kawo ɗinki wata rana, ya ga yadda nake miƙewa kamar tsoho, ya ce maganina yana ƙafata. Muka fara fita bayan sallar asuba, ni da shi da wasu samari, ni da dogon wandona. Da farko mutane sukan tsaya su tambaye mu ko lafiya, wa ya biyo mu. Baya ya warke, ni kuma na kamu da son abin, har in ban fita ba sai in wuni jikina ba daɗi.

To, ƙungiyar matasan Karaye da ta Rogo suna shirya tsere duk shekara. Ba na gwamnati ba ne, kuma ba a biyan kowa. Wata shekarar a taso daga Rogo, wata a taso daga Karaye, a ƙare a gindin wata babbar kuka da ke tsakanin garuruwan biyu. Kowa da gudummawarsa. Wani direba ya ba da a-kori-kurarsa don kwashe waɗanda suka gaza, 'yan agaji suka zo da akwatin magani, masu babura suka ce za su share hanya, ni kuma na ɗinka lambobin da ake maƙala wa masu gudu a ƙirji. Na ɗaya zai samu rediyo, na biyu agogon bango. Wallahi ba don su na shiga ba, so nake in ga ko zan kai kukar.

Ranar tsere Malam Ilu ya ce dogon wando zai riƙe mini ƙafa, ya miƙo mini singileti da gajeren wando irin na 'yan ƙwallo. A matsayina na tela ina gaya miki, yadin da aka yi wandon nan da shi ba zai ishi hular yaro ba. Na so in ƙi, amma na ga kowa haka ya sa, sai na bi ayari. Na san za mu wuce ta kusa da rugar su Baffa, to amma tana can ciki da ɗan nisa daga titi, kuma an ce da sassafe za a tashi, lokacin yana wurin tatsa. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne babban baƙon da zai busa usur. Muka tsaya jiransa, babu mai ƙarfin halin cewa a tashi ba shi. Da ya iso kuma sai da ya yi jawabi. Ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ga shi tsakiyar bazara ce, ƙasa tana huci tun ba a yi nisa ba.

Malam Ilu ya ja mana kunne cewa akwai wurin shan ruwa a hanya, kowa ya tsaya ya sha ko da ba ya jin ƙishi. Lokacin da muka doshi wurin harshena ya bushe ƙamas, ba abin da nake tunani sai ruwan. Muna sauko wata gangara na hango randuna a gindin ɗorawa, da 'yan agaji, da wani dattijo mai farin rawani yana miƙa wa masu gudu gora ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara matsowa, sai na gane shi. Baffa ne.

Gwaggo, ki sa kanki a matsayina. In tsaya in gaishe shi? Durƙusawa da wannan wandon ai ta fi wucewa muni. In karɓi ruwa daga hannunsa in ɗaga kai in sha yana kallona? Gara ƙasa ta tsage in shige. Sai na tsallaka ɗaya gefen titin, na sa hannu a fuska kamar mai share gumi, na ƙara wuta. A raina ina roƙon Allah ya sa bai gane ni ba.

Ban yi nisa ba na ji hayaniyar mutane ta canza a bayana. Na waiwaya. Baffa ne a guje a tsakiyar titi, ya tattare riga a kafaɗa, sandarsa a hannu, ya nufo ni. Mutumin da ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba. Abin da ya zo mini shi ne ya gane ni, ya ga mijin 'yarsa tsirara-tsirara ya wuce shi ba gaisuwa a gaban jama'a, haƙurinsa ya ƙare. Ban tsaya wani tunani ba, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kuma ba na jin zan sake. Na wuce waɗanda suka yi mini nisa, na wuce wani saurayin Rogo da aka ce shi ya ci rediyo bara. Mutanen gefen hanya suna ta ihu, na ɗauka ni suke yi wa, ashe shi ne. Duk waiwayen da na yi yana nan. Takalmansa sun fice, rawani ya fara warwarewa, yana kiran wata magana da Fulatanci, ni kuwa Fulatancina bai wuce na gaisuwa ba. Na manta cewa wanda ya tashi yana bin shanu a daji tun yana yaro ba tsarar tela ba ne a ƙafa. Na dai tuna na hango kukar can gaba, sai titin ya karkace, kunnuwana suka toshe, duhu ya rufe ni.

Da na farfaɗo, kaina yana kan cinyar mutum. Na ɗan buɗe ido, na ga farin gemu, na ga kai fari fat da furfura, babu rawani babu hula. Rawanin yana hannunsa jiƙe sharkaf, yana shafa mini a fuska da wuya. Ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka, ƙafarsa tana jini. Sandar tana yashe a gefe, gorar ruwa kuma tana jikinsa. Jama'a sun kewaye mu. Ban san abin yi ba, sai na mayar da idona na rufe kamar ban dawo ba. Ya tallafi ƙeyata ya ɗura mini ruwa, na haɗiye. Ni ne na sha ruwa a cinyar surukina, da gajeren wando, mutanen garuruwa biyu suna kallo.

'Yan agaji suka ɗauke ni suka sa a mota. Ta gefen ido na gan shi ya miƙe, ya saɓa jiƙaƙƙen rawanin a kafaɗa, ya kama hanyar gida ba takalmi.

Tun daga ranar ban sake taka rugar ba. Juma'ar farko na ɗauko keke har na kai bakin gari, sai na fasa na juyo. Yanzu arba'in ta wuce da daɗewa, ba a dawo da Tasalla ba, ba a kuma aiko da ko gaisuwa ba. A kasuwa zance ɗaya ake yi, wai Baffa ya koro ni ne da sanda saboda rashin kunya, wai ya rantse 'yarsa ba za ta koma gidan ɗan ƙwallo ba. Masu kawo ɗinki sai sun tambaye ni ko in sun ƙi biya ni ma zan bi su da gudu. An kuma gaya mini cewa tun ranar Baffa bai sake shigowa kasuwa ba, sallar Juma'a ma wani gari yake zuwa. Na san saboda ni ne, ba ya son a nuna shi a ce ga surukin wancan.

Malam Ilu shi bai ga abin damuwa ba. Ya ce lokacin da suka je neman inda za a sa ruwa, Baffa da kansa ya ce ga rijiyarsa ga randunansa, kuma ya yi musu alkawari babu mai gudun da zai wuce ta gabansa bai sha ba. Har yana so a kira taro a makaranta a ba shi takardar yabo. Ni dai abin da na gani da idona sanda ce. Mahaifiyata ta ce a tara dattawa a je biko. Abokina Shitu ya ce in yi shiru har abin ya huce. Ni kuma na ajiye gudu, bayan ya dawo da ciwo, barci ma ya ƙaurace mini. Yarinyar nan an ce ta fara dariya, ban gani ba.

Gwaggo, da wane ido zan kalle shi? Ya yafe mini ko bai yafe ba? In aika ne, ko in jira, ko in haƙura in ɗauka ƙaddara ce? Ki gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ɗanki,
Wani tela a Karaye

*

Ɗana tela,

Wa alaikumus salam. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na yi abin da mahaifiyarka ta yi. Amma da na kai inda dattijon nan ya kama hanyar gida ba takalmi, dariyar ta tsaya mini, na ajiye takardar. Ka ce in gaya maka gaskiya, to ga ta.

Ka ga sanda, ka ƙi ganin gora. Kai da ka auri 'yar Fulani, yaushe ka taɓa ganin Baffa ba sanda? Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa. Da duka ya yi niyya, ai ya same ka kwance ba ka ko motsi, ga sandar a gefensa. Maimakon haka ya kwance rawaninsa a gaban jama'a ya jiƙa maka. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin rana ya san kamannin wanda ƙishi zai kayar. Ya ga mijin 'yarsa, uban jikarsa, ya guje wa ruwa cikin wannan zafi, ya kuma san dalili, domin kunyar nan shi ma ya yi wa nasa surukin. Ga alkawarin da ya ɗauka. Sai ya auna girmansa da ranka, ya zaɓi ranka.

Ba na ganin laifinka don ka ji kunya. Tarbiyya ce, kuma ita ta sa ya ba ka 'yarsa tun farko. Ba zan kuma ce maka wandon nan ya yi masa daɗi ba. Mai yiwuwa ya ji ciwon ganinka haka, kuma yana da gaskiya in ya ji. Masu shirya tseren ma suna da nasu kason, tun da suka shanya mutane a rana don jiran busa usur. Amma kunya tana da iyaka, iyakarta kuwa rai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ka karɓi gorar ka juya baya ka sha, da zancen bai kai ko'ina ba.

Kuskurenka babba ba a titi ka yi shi ba, bayan ka dawo gida ka yi shi. Ka zauna kana lissafin kunyar da ka sha, ba ka lissafa tasa ba. Kai yaro ne, gobe za a manta da wandonka. Shi kuwa dattijo ne da aka gani a guje, kai ba rawani, kuma ana yawo da shi a kasuwa cewa fushi ne ya sa ya kori suruki da sanda. Wannan ne ya hana shi shigowa gari. Mutum ɗaya ne zai iya wanke shi, shi kuma ya ɓuya a bayan keken ɗinki. Ka tambayi kanka yadda yake fassara shirunka. Ya fasa ƙafarsa dominka, ko sannu bai samu ba.

Ka tuna da Tasalla kuma. Mai jego ce, mijinta da yake zuwa duk Juma'a ya ɗauke ƙafa, ga maganganu suna isa kunnenta. Iyayenta ba za su ɗauko 'yarsu su kawo wa mutumin da ya daina zuwa ba, ba kuma za su aiko su tambaye ka ko kana sonta ba. Kunyar da ta hana ka tafiya ita ce ta hana su aike. In kowa ya ci gaba da jiran kowa, abin da kake tsoro zai faru ba tare da wani ya so ba.

Kada ka bi shawarar Shitu, jiran ya isa haka. Ka kuma ba mahaifiyarka haƙuri a kan biko, domin Tasalla ba yaji ta yi ba, kuma tara dattawa zai mayar da abin rigima alhali babu ita. Juma'ar nan mai zuwa ka ɗauki mutum ɗaya cikin iyayenka maza, wanda Baffa ya sani, ku tafi. Ka riƙe goro, da takalmi sabo, da rawani mai kyau wanda ka gyara bakinsa da hannunka. Kada ka tsaya dogon bayani a kan wando, babu mai son a tuna masa. Godiya za ku kai, kuma babban da ka je da shi ne zai faɗe ta, kai kana durƙushe. Maganar ranar dawowar Tasalla ka bar wa mata, mahaifiyarka ta aika wa tata mahaifiyar bayan kun dawo.

A shago kuma, duk wanda ya tsokane ka, ka yi dariya tare da shi, sannan ka gaya masa cewa ruwa Baffa ya biyo ka da shi, kuma ba don shi ba da wani zancen ake yi yanzu. Bakin da ya yaɗa na farko shi zai yaɗa wannan. Ka ce wa Malam Ilu ya bar batun taro, irin su Baffa ba a yaba musu da lasifika. Ya je da kansa ya gode masa a gida.

Gudu kuma kada ka bari, tun da ya yi maka magani kuma ba saɓo ba ne. Tela ne kai, ka ɗinka wa kanka wando mara nauyi da ya sauka ƙasan gwiwa, ka ɗinka wa sauran ma. Ku gaya wa shugabannin ƙungiya su riƙa tashi da sanyin safiya, baƙo ya same ku a gindin kuka.

Abu na ƙarshe. In kun zauna aka kawo ruwa, wataƙila Baffa ya miƙe ya ce bari ya duba maruƙa kamar yadda ya saba. In ya yi haka ka ƙyale shi, komai ya koma daidai ke nan. In kuwa bai tashi ba, ya ɗauko ya miƙo maka da hannunsa, to ɗana, kada ka sa dattijon nan ya sake bin ka. Ka karɓa da hannu biyu, ka sha.

Allah ya dawo maka da Tasalla da 'yarku lafiya, ya raya ta, ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana.

Taka,
Gwaggo Kande